JIRAGEN MUSAYA: CINIKIN MUTANE TSAKANIN AMURKA DA INGILA DA JAPAN, 1942 ZUWA 1943

Gabatarwa

A ƙasar Hausa in aka ambaci Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa suka fi sani da Yaƙin Hitila, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne samarinmu da aka ɗauka soja aka kai su Habasha da Burma. Sunayen barikin Chindit na Zariya da na Dalet na Kaduna duk daga fagen Burma aka samo su. To, amma akwai wani ɓangare na wannan yaƙi da ba a cika koyar da shi a makarantunmu ba, wato labarin fararen hula da yaƙi ya rutsa da su a ƙasar abokan gaba, da yadda gwamnatocin da ke kashe juna suka yi watanni suna ciniki a kan yadda kowace za ta karɓo mutanenta. A shekarun 1942 da 1943, lokacin da kowane jirgin ruwa ke tafiya cikin duhu, tagoginsa a rufe don tsoron jiragen ƙarƙashin teku, akwai wasu jirage 'yan ƙalilan da ke ratsa teku da fitilu tar kamar gidan biki, an kuma sanar da kowane ɓangare hanyarsu da ranar tashinsu. Su ne ake kira jiragen musaya.

Marubuta da dama sukan kawo wannan labari a matsayin shaidar cewa ko a tsakiyar yaƙi tausayi bai ƙare ba. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, domin dubban mutane sun tsira da rayukansu ta wannan hanya. Amma wanda ya bi cinikin daki-daki zai ga cewa abin da ya riƙe shi shi ne kowane ɓangare yana riƙe da mutanen ɗaya, ba ni gishiri in ba ka manda. Da zarar kuwa mutum ya zama abin biya, to, sai a fara tantance wane ne mai tsada, wane ne mai araha, wane ne kuma ba ya cikin lissafi sam.

Waɗanda Yaƙi Ya Rutsa da Su

Ranar 7 ga Disamba 1941 jiragen saman Japan suka kai hari a kan sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor da ke tsibiran Hawai, a daidai lokacin kuma sojojinta suka auka wa yankunan mulkin Ingila na Malaya da Hon Kon. A ranar akwai jakadun Japan biyu a birnin Washinton, wato Kichisaburo Nomura, tsohon babban hafsan sojan ruwa, da Saburo Kurusu wanda aka turo a watan Nuwamba don ya taya shi tattaunawa. A Tokiyo kuma akwai jakadan Amurka Joseph Grew, wanda ke can tun 1932, da jakadan Ingila Sir Robert Craigie.

Maganar jakadu ba ta da rikici sosai, domin tsohuwar al'ada ce a ko'ina cikin duniya ba a taɓa ɗan aike. Mu ma nan tun kafin zuwan Turawa sarakunan da ke gaba da juna sukan aika manzanni su je su dawo lafiya. Amurka ta kwashe jami'an Japan da iyalansu ta ajiye su a wani ƙasaitaccen otal mai suna Homestead a jihar Bajiniya, daga baya aka mai da su otal ɗin Greenbrier inda aka riga aka ajiye Jamusawa. Jama'a sun yi ta guna-guni a kan yadda ake ciyar da abokan gaba abincin masu kuɗi, amma gwamnati ta san abin da take yi, don duk abin da ta yi wa Nomura shi za a yi wa Grew. Shi kuwa Grew da ma'aikatansa an kulle su ne a harabar ofishin jakadanci har wata shida, daga nan ne ma suka hangi jiragen saman ƙasarsu da suka fara jefa bam a Tokiyo ranar 18 ga Afrilu 1942.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauran jama'a: 'yan kasuwa da 'yan mishan da likitoci da malaman makaranta da 'yan jarida da ɗalibai, da matansu da 'ya'yansu. A wancan lokaci babu wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta kare su. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 sojan da aka kama a fagen yaƙi ta shafa, ita ɗin ma Japan ta sa hannu ne kawai ba ta zartar da ita ba. Wani abin ban mamaki, a birnin Tokiyo ɗin nan ne babban taron ƙungiyar Red Cross na 1934 ya amince da wani daftari na kare farar hula a ƙasar abokan gaba. Aka shirya taron gwamnatoci a 1940 don a mai da shi doka, yaƙi ya riga shi zuwa. Saboda haka kowace ƙasa ta yi da baƙinta yadda ta ga dama. Japan ta tsare fararen hula na ƙasashen Ƙawance kimanin 130,000 a yankunan da ta mamaye, mafi yawansu 'yan Holan ne a tsibiran da a yau ake kira Indunusiya. Amurka kuma ta kwashe mutum wajen 120,000 'yan asalin Japan daga gaɓar yammacinta ta zuba su a sansanoni, alhali kashi biyu cikin uku nasu haifaffun Amurka ne. Abin ya taɓa mu har nan Nijeriya: a 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta rufe Kwalejin Gwamnati ta Umuahiya ta mai da ita wurin tsare Jamusawa da 'yan Italiya, ciki har da masu gonakin ayaba na Kamaru, daga bisani kuma aka kwashi irin waɗannan tsararru daga Afirka ta Yamma aka kai su tsibirin Jamaika.

Magana ta Bakin Wani

Ƙasashen da ke yaƙi ba su magana kai tsaye. Kowace takan naɗa wata ƙasa 'yar ba-ruwanmu ta riƙe mata amanar ofisoshinta da mutanenta a ƙasar abokiyar gaba. Amurka ta ba Suwizalan wannan amana a Japan, ita kuwa Japan ta ba Sifen tata a Amurka, ta ba Suwidin ta tsibiran Hawai. Ingila ta fara da Ajantina, daga baya ta koma wa Suwizalan. Ita Suwizalan ɗin, a tsakiyar yaƙin ta riƙe wa ƙasashe 35 amana iri-iri fiye da 200, har sai da ta buɗe sashe na musamman a birnin Ban don wannan aiki kaɗai.

Mai karatu ya dubi tafiyar da takarda ɗaya ke yi. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka za ta buga waya zuwa ofishinta na Ban, shi ya miƙa wa gwamnatin Suwizalan, ita ta aika wa jakadanta na Tokiyo, Camille Gorgé, shi kuma ya kai Ma'aikatar Harkokin Wajen Japan. Amsa kuma sau da yawa ta Madrid take biyowa, ta iso hannun jakadan Sifen na Washinton. A kowane zango sai an fassara, an mai da saƙon lambobin sirri, an warware. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san abin da ke samun fayil ɗin da zai bi tebur biyar kafin a sa masa hannu, balle fa tebur biyar ɗin suna ƙasashe huɗu. Bayan haka kuma, a kowane ɓangare masu rubuta takardar ba su ne masu wuƙa da nama ba. A Japan sojan ƙasa da na ruwa ne ke riƙe da tsararrun, jami'an harkokin waje sai dai su roƙa. A Amurka ma sai ma'aikatar ta nemi yardar soja da 'yan sandan ciki na FBI a kan kowane suna.

Duk da haka ba a yi jinkirin farawa ba. Cikin mako guda bayan harin Pearl Harbor Amurka ta aika da shawarar musaya, ta kuma ambaci wurin da take so a yi ta, wato Lorenzo Markes, babban birnin Mozambik, wanda a yau ake kira Maputo. Mozambik tana ƙarƙashin Fotugal ne a lokacin, Fotugal kuwa ba ta shiga yaƙin ba. Tekun Fasifik da ke tsakanin Amurka da Japan ya zama fagen daga, ba wanda zai yarda jirgin abokin gaba ya ratsa shi yana kalle-kalle, don haka sai kowa ya zagayo ta baya a haɗu a gaɓar Afirka. Shi ma wurin ba tudun mun-tsira ba ne. A watannin Yuni da Yuli na 1942 jiragen ƙarƙashin teku na Japan sun nutsar da jiragen kaya wajen 20 a mashigin da ke tsakanin Mozambik da Madagaska, garin kansa kuma cike yake da 'yan leƙen asirin kowane ɓangare.

Sauran batutuwan da aka yi ta ja-in-ja a kai su ne jirgin da za a yi amfani da shi, da alamar da za a sa masa, da hanyar da zai bi, da yawan kayan da fasinja zai ɗauka, da kuɗin da zai fita da su. Amurka ta ɗauki shatar jiragen Suwidin guda biyu, Drottningholm da Gripsholm. Na farkon shi ya yi jigilar musayar da aka yi da Jamus da Italiya a Lisbon a watan Mayu 1942. Gripsholm kuwa, wanda aka ƙera a Ingila ya fara aiki a 1925, an shafe shi da farin fenti, aka rubuta kalmar da ke nufin jami'in jakadanci da manyan baƙaƙe a jikinsa, aka kewaye shi da fitilu. Jiragen Japan kuma aka zana musu manyan fararen gicciye. Takardar aminci ba daga Japan kaɗai ake bukatarta ba, sai Jamus da Italiya su ma sun yarda, tun da jiragensu na ƙarƙashin teku ne ke farauta a Tekun Atalantika.

Duk waɗannan an warware su. Abin da ya kusa wargaza shirin shi ne jerin sunaye. Japan ta aiko da sunayen mutanen da take so, manyan ma'aikatan bankuna da kamfanoni da masana. Hukumomin tsaron Amurka suka ce wasu daga ciki sun san abin da bai kamata ya isa Tokiyo ba. Wasu kuma da aka tambaye su suka ce su ba za su koma ba. Ita ma Japan ta riƙe nata, misali John Leighton Stuart, shugaban Jami'ar Yenching ta birnin Bejin, ta ƙi sakinsa har ƙarshen yaƙi. Saboda wannan cacar baki ne aka shigar da Grew da mutanensa jirgin Asama Maru ranar 17 ga Yuni 1942, jirgin ya ɗan matsa daga gaɓar Yokohama ya tsaya cik har kwana takwas, fasinjoji suna hangen gari, ba wanda ya san ko tafiya za a yi ko kurkuku za a koma. Wasu daga cikinsu sun riga sun ɗanɗana hannun 'yan sandan Japan, irin su Otto Tolischus, wakilin jaridar New York Times, wanda aka azabtar da shi a tsare.

A Gaɓar Lorenzo Markes

Gripsholm ya tashi daga Niyok ranar 18 ga Yuni da mutum sama da 1,000, ya tsaya a Riyo ta ƙasar Barazil ya ƙara wajen 400, ya iso Lorenzo Markes ranar 20 ga Yuli. Asama Maru ya bar Yokohama ranar 25 ga Yuni, ya ɗebi mutane a Hon Kon da Saigon, ya haɗu a kusa da Singafo da wani jirgin Italiya mai suna Conte Verde wanda ya taso daga Shanghai, suka ratso Tekun Indiya tare, suka iso 'yan kwanaki bayan Gripsholm. Kashegarin isowarsu aka yi musayar. Mutum kimanin 1,500 daga kowane ɓangare suka sauko a layi, waɗannan suna tafiya nan, waɗancan suna tafiya can, jami'an Suwizalan da Sifen da Fotugal suna ƙirgawa. Cikin 'yan awoyi aka gama aikin da aka yi wata bakwai ana shiryawa.

Waɗanda suka fito daga Gabas da yawansu sun rame, musamman mutanen sansanin Stanley na Hon Kon. A cikinsu akwai J. B. Powell, editan wata mujalla a Shanghai, wanda ƙafafunsa suka ruɓe a kurkuku har ya rasa mafi yawan tafinsu. Da suka hau Gripsholm suka tarar an jera musu abinci a kan dogayen tebura, abin da yawancin waɗanda suka rubuta labarin tafiyar ba su manta ba. Amma rabon ɗakuna ya rikice, mutane da dama a sarari suka kwana daren farko. Kuma gwamnatinsu ba kyauta ta ɗauko su ba, sai da wanda ba jami'i ba ya sa hannu a takardar bashi cewa zai biya kuɗin jirgi. Da suka isa Niyok ranar 25 ga Agusta, 'yan sandan ciki suka shiga yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, wasu ma aka wuce da su tsibirin Ellis don ƙarin bincike.

A ɗaya layin, ban da Nomura da Kurusu, akwai mutum biyu da ya kamata a ambata. Na farko wani ƙaramin ma'aikaci ne na ofishin jakadancin Japan a Honolulu da ake kira Morimura. Sunansa na gaskiya Takeo Yoshikawa, hafsan sojan ruwa ne, shi ne kuma ya yi watanni yana aika wa Tokiyo bayanin shiga da fitar jiragen yaƙi a Pearl Harbor. Hukumomin da suka yi ta tankaɗe da rairaya a kan sunayen akawun banki su ne suka sa shi a jirgi da hannunsu, don rigar jakadanci ta rufe shi. Na biyu ɗalibi ne a Jami'ar Harvard, Shunsuke Tsurumi, wanda ya kammala rubutun digirinsa a tsare, daga baya ya zama mashahurin masanin falsafa. An ba shi zaɓi ya zauna ko ya koma. Ya tabbata Japan za ta sha kashi, amma ya zaɓi komawa, bisa dalilin da ya bayyana daga baya cewa ya fi so ranar faɗuwa ta same shi a cikin waɗanda aka ci da yaƙi.

Bayan wata guda aka yi ta Ingila a wannan tasha. Jirgin Tatuta Maru ya kawo Craigie a ƙarshen Agusta, Kamakura Maru ya biyo baya a farkon Satumba. Daga ɓangaren Ingila kuma jirage uku ne suka kawo 'yan Japan: El Nil, wani jirgin Masar, daga Libaful, City of Paris daga Indiya, City of Canterbury daga Ostireliya. Mutum wajen 1,800 ne aka musanya daga kowane ɓangare. Jakadan Japan a Ostireliya, Tatsuo Kawai, ya taho da tokar gawawwakin sojojin ruwan Japan huɗu da suka mutu a harin da suka kai tashar Sidni a ƙarshen Mayu 1942. 'Yan Ostireliya sun yi musu jana'iza irin ta soja, da fatan Japan za ta kyautata wa nasu sojojin da ke hannunta. Ba ta kyautata musu ba.

Daga wannan Ingila ba ta sake samun wata musaya da Japan ba, ko da yake an shafe fiye da shekara biyu ana magana. Abin da ya kashe zancen shi ne wasu 'yan Japan sama da 300 da ke tsare a Ostireliya, mafi yawansu masu nutso suna ɗebo lu'ulu'u a gaɓar arewacin ƙasar, da matuƙan ƙananan jirage. Japan ta ce lallai sai da su. Ostireliya da Janar MacArthur suka ce waɗannan mutane sun san kowane lungu na ruwan da ake yaƙi a kai, ba za a sake su ba. Kowa ya kafe. A kan mutum 300 ɗin nan dubban mata da yara da tsofaffi na Ingila da Ostireliya suka ci gaba da zama a sansanonin Hon Kon da Shanghai da Singafo har 1945.

Lissafin Kai da Mutanen Peru

Tun da aka ginu a kan kai da kai, sai Amurka ta fuskanci wata matsala. Tana da dubban mutane a hannun Japan, amma 'yan Japan da ke hannunta, ko dai hukumomin tsaro sun hana su tafiya, ko su da kansu ba su so, domin a nan suka yi aure suka haifi 'ya'ya. Mai son saye ba shi da abin biya. Inda ta samo ciko shi ne Kudancin Amurka.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 'yan Japan ke zuwa ƙasar Peru aikin gonakin rake da auduga, sannu a hankali suka zama masu shaguna da wuraren aski da gidajen abinci a birnin Lima. Arzikinsu ya tsone wa wasu ido, har aka yi tarzoma aka wawashe dukiyarsu a watan Mayu 1940. Gwamnatin Shugaba Manuel Prado tana neman hanyar rabuwa da su, Amurka kuma tana cewa tana tsoron zagon ƙasa a kusa da mashigin Panama, ga kuma bukatar mutanen musaya. Bukata ta zo ɗaya. Daga 1942 zuwa 1944 aka kwaso 'yan asalin Japan sama da 2,200 daga ƙasashen Kudancin Amurka, wajen 1,800 daga Peru kaɗai, ba tare da an gurfanar da kowa gaban alƙali ba. An karɓe musu fasfo a hanya, da suka sauka kuma aka rubuta su a matsayin baƙin da suka shigo Amurka ba bisa ƙa'ida ba. Aka tsare su a jihar Tekzas, masu iyali a wani sansani da ake kira Crystal City. Takardun gwamnatin Amurka na lokacin ba su ɓoye cewa musaya na cikin dalilan kawo su ba. Fiye da 800 daga cikinsu aka tura Japan a jiragen musaya, har da yaran da aka haifa a Lima, waɗanda Sifaniyanci ne harshensu, ba su taɓa ganin Japan ba. A ganina, ko wane suna aka ba wannan aiki a takarda, kama mutumin da bai ji ba bai gani ba a wata ƙasa don a fanshi wani da shi, garkuwa da mutane ne.

Da irin waɗannan aka cike gurbin musaya ta biyu, wadda ta ɗauki fiye da shekara guda kafin a daidaita. A wannan karo Japan ba ta da jiragen da za ta tura har Afirka, sai aka zaɓi tashar Mormugao a yankin Goa, wanda shi ma Fotugal ke mulka a gaɓar yammacin Indiya, kudu da Bombai. Gripsholm ya bar Niyok ranar 2 ga Satumba 1943, ya bi ta Riyo da Montebidiyo da Fatalizabet ta Afirka ta Kudu. Japan ta turo Teia Maru, wani jirgin Faransa da ta ƙwace. Ranar 19 ga Oktoba aka musanya mutum kimanin 1,500 daga kowane ɓangare, a cikinsu akwai 'yan Kanada sama da 200. Gripsholm ya kuma sauke tulin magunguna da abinci na Red Cross don a kai wa waɗanda suka rage a tsare, ya koma Niyok ranar 1 ga Disamba.

Waɗanda Ba Su Shiga Lissafi Ba

In aka haɗa musayar nan uku, waɗanda suka fito daga hannun Japan ba su kai 5,000 ba, alhali waɗanda ta tsare sun kai kimanin 130,000. Amurkawan da ke Filifin 'yan ƙalilan ne suka sami shiga, don Japan ta kawo hujjar cewa wanda aka kama a ƙasar da Amurka ke mulka ai yana gida ne, babu zancen mai da shi gida. Ma'aikatan gine-gine da aka kama a tsibirin Wake kuwa fursunonin yaƙi ta ɗauke su. Ranar 7 ga Oktoba 1943, lokacin da Teia Maru ke kan hanyarsa ta zuwa Goa da fitilunsa a kunne, kwamandan Japan na tsibirin ya sa aka harbe 98 daga cikinsu.

Soja kuma ba ya cikin zancen tun farko. Tsakanin Ingila da Jamus an yi musayar sojojin da suka naƙasa ko suke ciwo mai tsanani, kamar wadda aka yi ta tashar Gotenbag ta Suwidin a watan Oktoba 1943. Japan ba ta taɓa yarda da irin wannan ba, domin a tarbiyyar sojanta miƙa wuya abin kunya ne, ba ta ma son a ce akwai nata a hannun wani. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A daidai watannin da Gripsholm ke kan hanyar Goa, sojojin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Nijeriya ke da yawa a cikinsu, sun zagayo ta kudancin Afirka a jirage masu duhu suna sauka a Bombai, Runduna ta 82 kuma ta biyo su a 1944. Duk wanda ya faɗa hannun Japan a cikinsu a kwarin Kaladan ko dazuzzukan Arakan, babu jirgi mai fitila da zai zo ɗaukarsa.

Amurka ta ci gaba da neman musaya ta uku, Japan tana ja da baya. Labarin azabar da aka yi wa fursunoni a Bataan ya fito fili a farkon 1944, rikicin sansanin Tule Lake na Amurka kuma ya ba Tokiyo abin fakewa. Abin da aka iya samu kawai shi ne Japan ta karɓi kayan agaji ta tashar Nakhodka ta Tarayyar Sobiyet ta rarraba. Ɗaya daga cikin jiragen da aka ba takardar aminci don wannan aiki shi ne Awa Maru. Ya kai kaya Hon Kon da Saigon da Singafo, ya juyo da roba da kuza da fasinjoji kimanin 2,000. Daren 1 ga Afrilu 1945, cikin hazo mai kauri a mashigin Taiwan, jirgin ƙarƙashin teku na Amurka mai suna Queenfish ya ɗauke shi jirgin yaƙi ne, ya nutsar da shi. Mutum ɗaya tak ya tsira. An gurfanar da kwamandan, Charles Loughlin, gaban kotun soja, ta same shi da laifin sakaci, hukuncin kuma bai wuce takardar gargaɗi ba. Amurka ta amsa laifi, amma kafin a kai ga maganar diyya yaƙi ya ƙare, a 1949 kuma Japan ta yafe. A cikin watannin nan ne ita ma Sifen ta ajiye amanar Japan, bayan sojojin Japan sun kashe 'yan ƙasarta a Manila.

Bayan Yaƙi

Giɓin da aka gani a doka an toshe shi da Yarjejeniyar Janeba ta Huɗu ta 12 ga Agusta 1949, wadda ta ba farar hula damar barin ƙasar abokan gaba in ba zai cutar da muradun ƙasar ba, ta kuma haramta garkuwa da mutane. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kuma ta wajabta wa kowace ƙasa ta sauƙaƙa wa jakadu fita ko da ana yaƙi. Jiragen Japan huɗu da suka yi wannan jigila, Asama Maru da Tatuta Maru da Kamakura Maru da Teia Maru, da aka goge musu gicciye suka koma ɗaukar soja, jiragen ƙarƙashin teku na Amurka sun nutsar da su duka kafin ƙarshen 1944. Gripsholm ya tsira, aka sayar da shi ga wani kamfanin Jamus, aka sake masa suna Berlin, ya yi aiki har 1966.

Mutanen Peru su ne maganarsu ta daɗe ba ta mutu ba. Da yaƙi ya ƙare Peru ta ƙi karɓar mafi yawansu, waɗanda suka koma ba su kai 100 ba. Amurka kuma ta ce ai su baƙin haure ne, ta tura sama da 900 Japan, ƙasar da yunwa ta yi wa katutu a lokacin. Wasu sama da 300 wani lauya mai suna Wayne Collins ya tsaya musu a kotu, aka bar su suka zauna, da yawansu suna aikin leburanci a wani kamfanin sarrafa kayan lambu a jihar Niyu Jasi. A 1988 Amurka ta nemi gafarar 'yan asalin Japan da ta tsare, ta biya kowane mai rai dala 20,000, amma dokar ta taƙaita ga 'yan ƙasa da masu izinin zama, don haka yawancin waɗanda aka kwaso daga Kudancin Amurka ba su samu ba, bisa hujjar cewa ba su shigo da izini ba. Sai a 1998, bayan shari'a, aka ba su takardar ban haƙuri da dala 5,000 kowanne. Wasu suka ƙi karɓa, suka kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka, wadda ta ba su gaskiya a 2020.